Kifin zaki a tekun Karebiyan: abin da mashi ke iyawa da inda ya gaza

A tsibiran Karebiyan da gaɓar Filorida ta Amurka, duk wanda ya san harkar teku ya daina maganar kawar da kifin zaki. Wannan magana an rufe ta tun wajen 2010. Abin da masunta da masu nutso da hukumomin kula da teku ke muhawara a kai yanzu shi ne wane tudun murjani (tsibin dutsen da ƙananan halittun ruwa ke ginawa a ƙasan teku, inda kifaye ke zama) za a tsare, kifi nawa za a cire daga cikinsa, kuma bayan kwana nawa za a dawo a sake.

Kifin, wanda masana ke kira Pterois volitans, da ɗan'uwansa Pterois miles, baƙo ne a tekun Atlantika. Gidansa tekun Fasifik da tekun Indiya da Bahar Maliya, inda yake zaune da sauran kifaye ba tare da ya dami kowa ba. Kyansa ne ya jawo masifar. Jikinsa ratsi-ratsi ne na ja da fari, fikafikansa a baje kamar mafici, shi ya sa masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi suka riƙa shigo da shi Amurka. An fara ganinsa a teku kusa da Dania Beach a Filorida a 1985, kuma mafi rinjayen zato shi ne masu kiwon ne suka zuba shi a ruwa da ya yi musu girma ko suka gaji da shi. Ya yi shekaru shiru. Zuwa farkon shekarun 2000 ya kafu a gaɓar Karolina ta Arewa, a 2004 ya shiga Bahamas, a ƙarshen 2008 aka gan shi a Beliz, a 2009 a tsibirin Bonaire, daga nan ya cika mashigin tekun Meziko. A 2014 an kama na farko a gaɓar Birazil.

Dalilin da ya sa ba a iya ƙarar da shi yana cikin haihuwarsa. Macen kan fara ƙwai tun tana shekara guda, kuma a ruwa mai ɗumi takan zuba ƙwai duk bayan kwana uku ko huɗu, rani da damina, har jimillar ta kai kimanin miliyan biyu a shekara. Ƙwan ba ya zama a ƙasa. Yana fitowa ne cikin dunƙule biyu masu yauƙi da ke tasowa saman ruwa, 'ya'yan kuma su yi kusan wata guda igiyar ruwa na tafiya da su kafin su sauka su sami wurin zama. Ma'ana, in mutanen wani ƙauye sun share tudun murjaninsu tas yau, 'ya'yan da aka haifa a wata ƙasa mai nisan ɗaruruwan kilomita suna nan tafe. Wani lissafi da masana suka fitar a 2011 ya nuna sai an riƙa kashe kashi 27 cikin ɗari na manyan kifin kowane wata kafin yawansa ya fara raguwa a yankin baki ɗaya. Babu ƙasar da ke da jiragen ruwa da mutanen da za su yi wannan, balle kifin yana rayuwa har zurfin mita 300.

Ɓarnar kuwa ta ciki ce. Yana haɗiye duk abin da bakinsa ya iya ɗauka, har kifin da ya wuce rabin tsawonsa, ga jatan lande da ƙananan ƙaguwa, kuma tumbinsa na iya buɗewa ninki talatin. Ƙananan kifayen Atlantika ba su san shi da mafarauci ba, ba sa gudu. Yakan baje fikafikai ya tura ɗan kifi lungu a hankali, wani lokaci ya fesa masa ruwa a fuska don ya juyo da kai, sannan ya zuƙe shi. Manyan kifayen yankin su ma ba su saba cinsa ba saboda ƙayoyinsa masu dafi, sai ya zama yana cin karensa ba babbaka. A wani gwaji da masana Mark Albins da Mark Hixon suka wallafa a 2008, kifin zaki guda a ƙaramin tudun murjani a Bahamas ya rage 'ya'yan kifin da ke sauka wurin da kashi 79 cikin ɗari a mako biyar. Stephanie Green da abokan aikinta sun auna wasu wurare kusa da tsibirin New Providence suka ga nauyin ƙananan kifayen da yake ci ya faɗi da kashi 65 cikin ɗari tsakanin 2008 da 2010.

Shi murjanin kansa kifin zaki ba ya taɓa shi. Cutar tana zuwa ta bayan gida. Akwai kifayen da aikinsu kiwon gansakukar da ke tsirowa a kan dutse, irin su kifin aku, kuma idan aka cinye 'ya'yansu gansakuka takan lulluɓe wurin ta hana sabon murjani kamawa. Akwai kuma ƙananan kifaye masu cire ƙwari daga jikin manya, da 'ya'yan kifayen da masunta ke dogaro da su a kasuwa. A Beliz, wani ɗan kifi mai suna Halichoeres socialis, wanda kusan nan kaɗai ake samunsa a duniya, an iske shi ne kusan rabin abin da ke cikin tumbin kifayen zakin da aka feɗe a yankinsa.

Kayan kamun kifi na gargajiya ba su yi amfani ba. Ba kasafai yake cin koton ƙugiya ba, taru kuma ba ya jawuwa a kan murjani, zai yage ya kuma karya abin da ake son karewa. Abin da ya rage shi ne mutum ya nutsa da tukunyar iska a baya, ko da numfashinsa kawai a ruwa maras zurfi, ya soke su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kifin ya yarda da ƙayoyinsa, ba ya gudu. Yana tsaye a bakin rami ko a maƙale ƙarƙashin wani dutse, sau da yawa ciki a sama.

Mashin da ake amfani da shi gajere ne, kamar mita ɗaya, da tsini uku a baki da zoben roba mai kauri a gindi. Mai farauta zai saƙala robar tsakanin babban yatsa da manuni, ya ja hannu gaba kan sandar har robar ta miƙe, ya riƙe. Sai ya matso a hankali har tsinin ya rage kamar taƙi guda da kifin, ya saita bayan ido inda kai ya haɗu da jiki, ya saki. Kuskuren sabon shiga guda biyu ne: sakin mashi daga nesa, da suka a ciki inda nama ke da taushi, kifin ya fizge ya shige rami. Kafin a saki kuma dole a duba abin da ke bayan kifin, domin mashin da ya kuskure yakan fasa murjanin da ya yi shekaru yana girma. Da an soke shi sai a tura shi cikin wani bututun roba mai tauri, faɗinsa kamar taƙi, mai murfi irin na mazurari da aka tsattsaga: kifi ya shiga, a zaro mashi, murfin ya tuɓe shi ya bar shi ciki. Wanda aka fi sani a kasuwa shi ne ZooKeeper, amma da yawa suna haɗa nasu da bututun famfo. Jakar yadi ko ta raga ba ta da tabbas, ƙaya na hudo ta ta sami cinya.

Ƙayoyin dafin goma sha takwas ne: goma sha uku a gadon baya, ɗaya-ɗaya a fikafikan ciki biyu, uku a ƙarƙashi wajen wutsiya. Manyan fikafikan gefe masu ban tsoro ba su da dafi. Sau da yawa ba a cikin ruwa ƙayar ke sukar mutum ba, a kan jirgi ne ko wajen gyara, don ƙayar mataccen kifi tana nan da dafinta, musamman in yana cikin ƙanƙara. Saboda haka abu na farko a wajen gyara shi ne a sa safar hannu mai kauri a datse ƙayoyin da almakashi, a zuba su cikin kwalba mai murfi, kada yaro ko mai kwasar shara ya taka. In an soki mutum, ya taso daga ruwa a hankali bisa ƙa'ida komai zafin ciwon, domin tasowa da gaggawa daga zurfi ya fi dafin haɗari. A cire zobe tun kafin yatsa ya kumbura, a zare guntun ƙayar in ya karye a ciki, a wanke, sannan a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da bai wuce digiri 45 na ma'aunin Selshiyas ba, na minti 30 zuwa 90. Zafi ne ke kwantar da raɗaɗin, ƙanƙara ba ta taimakawa. A gwada ruwan da hannun da ba a soka ba, saboda wanda aka soka ba ya tantance zafi, kuma mutane da dama sun ƙone kansu a nan. Shi ya sa jiragen farauta ke tafiya da filas na ruwan zafi. Idan numfashi ya yi wuya, ko kumburi ya ci gaba, ko wurin ya fara baƙi, sai asibiti.

To, in ba za a iya ƙarar da shi ba, me wannan wahalar ke saye? Amsar da ta fi gamsarwa ta fito ne daga tsibirin Eleuthera a Bahamas, a wani aiki da aka wallafa a 2014. Masu binciken sun ɗauki ƙananan tuddan murjani 24, suka lissafa wa kowanne iyakar kifin zakin da zai iya ɗauka, wato adadin da abin da suke ci bai wuce abin da ƙananan kifaye ke haifa ba. Sai suka riƙa cirewa har wata 18. Inda aka riƙe yawan a ƙasa da iyakar, nauyin ƙananan kifayen gida ya ƙaru da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, kuma sakamakon bai bambanta sosai da inda aka kwashe su duka ba. Inda aka bar su sama da iyakar, kifayen gida suka ci gaba da raguwa. Yawan da ake buƙatar cirewa ya bambanta ƙwarai, daga kashi 25 a wani wuri zuwa 92 a wani.

Wannan ya sauya lissafin aikin. Kifayen ƙarshe a kowane wuri su ne mafi wuyar samu, su ke cinye iska da lokaci. In ba dole ne a same su ba, gara mai nutso ya bar su ya wuce tudu na gaba. Ya kuma nuna cewa zaɓen wuri ya fi yawan kisa muhimmanci: inda 'ya'yan kifi ke girma, inda kifaye ke taruwa don haihuwa, wuraren da aka killace, da inda baƙi masu yawon buɗe ido ke nutso. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru da ke fama da kacalla sun san irin wannan aiki: ba wanda ke sa ran ƙarar da ita, ana dai buɗe hanyoyin ruwan da aka fi buƙata, in an yi sake kuma ta rufe.

Bonaire ta nuna yadda hakan ke yiwuwa a ƙasa guda, da kuma irin rikicin dokar da ke tasowa. Tsibirin ya haramta kamun kifi da mashi tun 1971 don kare kifayensa, sai ga baƙon da mashi kaɗai ke maganinsa. Buɗe ƙofa ga kowa na nufin wasu za su fake da kifin zaki su riƙa sukan manyan kifayen da aka sha wahalar tsarewa. Sai ƙungiyar STINAPA mai kula da gandun tekun ta fito da wani gajeren mashi na musamman da ake kira ELF, wanda ba ya iya kama kifi mai gudu, tana bai wa waɗanda aka horar aka yi wa rajista kawai. Binciken da aka wallafa a 2013 ya iske nauyin kifin zaki a wuraren da ake farauta a Bonaire ya yi ƙasa da na wuraren da ba a zuwa kusan ninki uku, a tsibirin Kurasao maƙwabcinta kuma ninki huɗu. Tsibiran Kayman da gandun tekun Roatán a Honduras sun bi tsarin lasisi irin wannan. Filorida ta bi ta wata hanya: ba iyaka ga adadin da mutum zai kama, ba a neman lasisin kamun kifi ga mai amfani da irin wannan mashi, sannan a 2014 ta hana shigo da kifin da rai.

Abin da ya fi jan hankalin 'yan jarida shi ne gasa. Ta farko an yi ta a 2009 a Green Turtle Cay ta Bahamas da hannun REEF, ƙungiyar kare halittun teku, aka fito da kifi 1,408 a yini guda. Tsarin bai canza sosai ba: daren jajibiri a tara ƙungiyoyin 'yan mutum biyu zuwa huɗu a koya musu doka da maganin suka, gari na wayewa su fita, da yamma a ƙirga. Ana ba da kyauta ga wanda ya fi yawa, da mafi girma, da kuma mafi ƙanƙanta. Wannan ta ƙarshen da gangan ce, don in ba ita ba kowa manya zai bi ya bar ƙananan da za su fara haihuwa baɗi. A bakin ruwa masu bincike ke auna tsawon kowane kifi su feɗe wasu su duba tumbi, masu dafuwa kuma na soya wa 'yan kallo su ɗanɗana. Gasar Emerald Coast Open a garin Destin na Filorida ta fitar da sama da 19,000 a 2019.

Gasa tana da amfani, amma a ganinmu an fi ba ta girman da ya wuce nata. Wani nazari ya nuna tana iya rage yawan kifin da kusan rabi a yankin da aka yi ta, sai dai sau ɗaya ce a shekara, gurbin kuma na cikewa. Masu neman kyauta suna tafiya inda kifin ya fi yawa, galibi jiragen da suka nutse da tarkacen da aka zuba a teku, ba lallai inda murjani ya fi buƙatar ceto ba. Wasu ma sukan ɓoye wurin da suka sani su ƙi taɓa shi har ranar gasa. Babbar ribarta ita ce horar da sababbin hannu da cire wa mutane tsoron cin kifin. Aikin gaskiya na hannun malaman nutso da masuntan da ke komawa wuri ɗaya wata bayan wata, ba kyauta ba kyamara.

Su ma suna da matsalarsu, domin kifin yana koyo. Isabelle Côté da abokanta sun nuna a 2014 cewa a wuraren da ake yawan farauta kifin zaki yakan shige can cikin rami da rana, ya kuma tsere tun mai nutso na nesa. Duk wanda aka kuskure an koya masa darasi. Wannan na ruɗar da ƙirga ma: a ga kamar sun ragu, alhali ɓuya suka yi. Maganin da ake yi shi ne fita da asuba ko gab da magariba lokacin da suke fitowa kiwo, da riƙe tocila don leƙa ƙarƙashin duwatsu, da hana wanda hannunsa bai faɗa ba koyon suka a wuraren da aka fi ji da su.

Akwai dabarar da ta zama gudun gara faɗawa gidan zago. A shekarun farko wasu masu nutso sun riƙa miƙa wa kifin shak da sauran manyan mafarauta kifin zakin da suka soke, da niyyar su saba da cinsa. Abin da suka koya shi ne mutum mai mashi yana ɗauke da abinci. Sai suka fara bin masu nutso, suna fizgar bututu, har da cizo. Yanzu hukumomi da dama a yankin suna hana wannan.

Sai kasuwa. Naman fari ne, mai laushi, ba dafi a cikinsa. NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ta fara kiran a ci shi tun 2010, Jamaika ta yi irin wannan yekuwa, a Kolombiya har malaman coci aka sa suka ƙarfafa wa mabiya cinsa a lokacin azumin Kirista, a 2016 kuma shagunan Whole Foods na Filorida suka fara sayar da shi. Hikimar a fili take: in masunci zai sami kuɗi, ba sai an roƙe shi ba. Amma lissafin ba ya cika yadda ake so. Tsokar da ake samu kusan kashi 30 cikin ɗari ce ta nauyin kifin, kowanne da hannu aka soko shi, ga kuɗin mai da cika tukunyar iska da ƙanƙara. Gidan abinci yana son a kawo masa kullum kuma manya, alhali nasarar aikin ita ce kifin ya yi ƙaranci ya kuma ƙanƙance. Da zarar wuri ya fara tsafta sai fita ta daina biyan kanta, masunci ya koma kan lobsta (babban jatan lande), kifin ya farfaɗo. Akwai kuma gubar siguwatera da ke taruwa a naman kifayen murjani masu cin 'yan'uwansu a wasu yankuna, wadda dafuwa ba ta kashewa. Ƙa'idar ita ce inda aka san ana gudun wasu kifaye saboda ita, a guji kifin zakin wurin ma.

A Beliz an ƙara wa kifin daraja ta wata hanya. Mata a ƙauyukan masunta, da tallafin ƙungiyar Blue Ventures, suna karɓar fikafikai da wutsiyoyin da da zubarwa ake yi, su wanke, su baje su bushe, su shafa musu vanish su yi 'yan kunne da sarƙa. Hakan ya sa ƙaramin kifin da gidan abinci ba ya so ya zama yana da kuɗi. Wani kamfani a Filorida, Inversa, yana jeme fatar.

Inda duk wannan ya tsaya shi ne zurfi. Mai nutso da iska ta yau da kullum yana da kusan minti 20 a mita 30, ƙasa da minti 10 a mita 40, daga nan kuma ba hurumin ɗan sa-kai ba ne. Ƙasa da wannan akwai tuddan murjani masu duhu-duhu har mita 150, cike da kifin zaki, kuma binciken da aka yi a tsibirin Utila na Honduras ya iske na can sun fi girma, manyan mata kuwa su suka fi ƙwai. Steve Gittings na NOAA ya ƙera wani tarko don wannan: ƙarfe biyu masu lanƙwasa da raga, da ke faɗawa ƙasa su buɗe kamar faifai, a tsakiya da wani allon roba mai ramuka a tsaye. Ba a sa koto. Kifin zaki na son raɓar duk abin da ya taso daga ƙasa, sai ya taru a jikin allon, in an ja igiya tarkon ya rufe. Da yake a buɗe yake zaune, in ya ɓace ba zai ci gaba da kashe kifi ba. Gwaji ya nuna yana kamawa, amma ya fi aiki inda babu wani dutse kusa da zai ja hankalin kifin, kuma igiyar ruwa kan hana shi buɗewa daidai. An gwada na'urori masu nutso da kansu ma, har yanzu tsadarsu ta fi abin da suke kamowa.

A wasu wurare yawan kifin ya faɗi ba da hannun kowa ba. A arewacin mashigin Meziko wata cuta mai sa gyambo a fata ta bayyana a 2017, yawansu ya ragu sosai a shekarar da ta biyo, a wasu sassan Bahamas ma an ga raguwa. Wannan na nufin duk ƙungiyar da ke son sanin ko aikinta na tasiri sai ta ware wuraren da ba ta taɓawa ta riƙa ƙirga su tare da waɗanda take sharewa, in ba haka ba za ta ɗauki aikin cuta a matsayin nata.

Yanzu Bahar Rum ce ke kan layi. Pterois miles ya bi mashigin Suwez daga Bahar Maliya, aka sake ganinsa a gaɓar Labanan a 2012, cikin 'yan shekaru ya mamaye kudancin tsibirin Ƙubrus ya wuce Turkiyya da Girka. Dokar Tarayyar Turai ta hana kamun kifi da mashi ga mai ɗauke da tukunyar iska, don haka shirin yaƙi da kifin mai suna RELIONMED da aka fara a Ƙubrus a 2017 sai da ya nemi izini na musamman kafin ya horar da masu nutso. Sun share wuraren da aka killace, yawan kifin ya faɗi, a wasu wuraren kuma cikin kamar wata uku ya koma yadda yake.